Wankin Ƙoda a Gida da Hannu: Yadda Ake Canjin Ruwa ta Tantanin Ciki

Wanda ƙodojinsa suka gaza, aka yi shawara da shi aka tsayar da wankin ƙoda ta tantanin ciki, yakan koma gida da siririyar roba da aka dasa masa a gefen cibiya, da tarin kwalayen ledojin ruwa, da kuma aikin da daga ranar ya koma hannunsa. A tsarin da ake yi da hannu ba tare da na'ura ba, wanda takardun asibiti suke rubutawa CAPD, yawancin majiyyata suna canjin ruwa sau huɗu a rana, kullum, babu ranar hutu. Idan aka lissafa, canji 1,460 ke nan a shekara. A kowane canji akwai 'yan daƙiƙoƙi, har sau biyu, da bakin robar yake a buɗe, babu abin da ya raba cikin mutum da iskar ɗaki: lokacin da ake haɗa ta da leda, da lokacin da ake raba su. Rufe taga, da sa takunkumi, da wanke hannu, da jera kaya a kan teburi, duk saboda waɗannan daƙiƙoƙi aka tanade su.

Wannan bayani ba zai maye gurbin horon da ma'aikatan jinya suke bayarwa ba, wanda yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, majiyyaci yana yi ana kallon hannunsa ana gyara masa. Kayan kamfanoni sun bambanta, kuma duk inda abin da aka rubuta a nan ya saɓa wa abin da nas ta koyar a kan kayan da ke hannun mutum, maganar nas ita ce abin bi.

Abin da ke faruwa a ciki

Ruwan ba ya shiga tumbi, ba ya kuma shiga hanji. Yana zama ne a sararin da ke tsakanin bangon ciki da kayan ciki, wurin da wani siririn tantani ya lulluɓe gaba ɗaya. Faɗin wannan tantani a jikin babban mutum yakan kai murabba'in mita 1 zuwa 2, kuma cike yake da ƙananan jijiyoyin jini. Idan aka zuba ruwan wanki a sararin, dattin da ya taru a jini, irin su yuriya da kiriyatinin, sai ya riƙa ratsa tantanin yana komawa cikin ruwan, kamar yadda ɗigon rini yake bazuwa daga inda ya yi kauri zuwa inda babu shi. Sukarin gulukos da ke cikin ruwan kuma shi ne yake jawo ruwan da ya yi wa jiki yawa.

Sai dai sukarin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A hankali jiki yake shanye shi, ƙarfin jan ruwa yana raguwa, kuma idan ruwan ya daɗe fiye da ƙima sai jiki ya fara tsotse abin da ya riga ya bayar. Shi ya sa ruwan rana yakan zauna awa 4 zuwa 6, na dare kuma ya kwana, kuma shi ya sa jinkirta canji da awanni ko tsallake shi yake bayyana a sikeli da kuma sakamakon gwajin jini.

Robar da ake amfani da ita a yau ta samo asali ne daga wadda likita Henry Tenckhoff ya fito da ita a Amurka a 1968. Mai laushi ce, bakinta na ciki yana kwance a can ƙasan mara, kuma tana da 'yan zobba na wani irin ƙyalle waɗanda nama yake kamawa, su riƙe ta, su kuma tare wa ƙwayoyin cuta hanya. Ana son a bar ta ta warke kamar mako biyu kafin a fara cikakken amfani da ita. A bakinta na waje ana ɗaura wani gajeren bututu mai makulli da murfi, wanda nas take canzawa duk wata shida. Wannan gajeren bututu shi ne majiyyaci yake buɗewa yana rufewa.

Wurin aiki da ɗumama ruwa

Ba sai an ware ɗaki na musamman ba, amma ana bukatar wuri mai haske, marar ƙura, mai teburi da za a iya gogewa, da kujera, da ƙarfe ko ƙugiya da za a rataye leda sama da kafaɗar wanda yake zaune. Kafin a fara, a rufe ƙofa da taga, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, domin iska mai motsi tana ɗauke da ƙura. A fitar da dabbobin gida, musamman kyanwa, wadda take sha'awar bututu mai lilo, cizonta ko yagunta ɗaya kuwa ya isa ya shigar da cuta. Duk wanda ya zama dole ya zauna a ɗakin shi ma ya sa takunkumi.

A goge teburin da maganin tsaftacewa, a bar shi ya bushe, sannan a jera kaya: ledar ruwa, sabon murfi a cikin takardarsa, kilif biyu na matse bututu, takunkumi, man tsaftace hannu, sikeli, da littafin rubuta sakamako. Yana da kyau a ajiye murfi biyu a kusa maimakon ɗaya, domin ranar da ɗaya ya suɓuce ya faɗi ƙasa, mutum ba zai tashi nema da bakin roba a buɗe ba.

Ruwa mai sanyi yana sa murɗar ciki da rawar ɗari, don haka ake ɗumama shi zuwa zafin jiki, wato digiri 37. Ana yin haka ne da busasshen zafi kawai, a kan faranti ko matashin ɗumamawa na lantarki da aka yi domin wannan aiki, ledar tana cikin rigarta ta waje. Kada a tsoma ta a ruwan zafi, domin ruwan yana iya kai ƙwayoyin cuta bakin mahaɗa, wato inda ake haɗa leda da gajeren bututu. Kada kuma a sa ta a na'urar ɗumama abinci mai sauri, wadda take zafafa wani sashe fiye da wani, har leda ta ji ɗumi a hannu alhali a tsakiyarta akwai zafin da zai ƙona tantani.

Duba leda

Bayan an sa takunkumi ya rufe hanci da baki, an kuma wanke hannu, sai a yage rigar ledar a duba abubuwa biyar: ƙarfin sukari, yawan ruwa, ranar ƙarewar aiki, hasken ruwan, da yoyo. Ƙarfin sukari hawa uku ne. Wasu kamfanoni suna rubuta kashi 1.5, da 2.5, da 4.25 cikin ɗari, wasu kuma 1.36, da 2.27, da 3.86, kuma abu ɗaya suke nufi, hanyar awo ce ta bambanta. Launin da ke bakin leda yana taimakawa, amma a karanta lambar da ido, domin launuka ba ɗaya ba ne a ko'ina. Yawan ruwa ga babban mutum yakanci lita 2 ne, ko da yake likita yana iya ragewa ko ƙarawa gwargwadon girman jiki.

A ɗora ledar a teburi a danna ta da tafin hannu da ƙarfi a ga ko ruwa zai tsattsafo. 'Yar laima a cikin rigar waje ba matsala ba ce, daga tururin da aka tsaftace ledar da shi take. Amma idan ruwa ya taru, ko ya riga ya gangara cikin bututu, ko murfin bakin mahaɗa ya cire, ko ruwan ya yi duhu, ko akwai wani abu yana yawo a ciki, a ajiye ledar gefe a ɗauki wata. Akwai ledoji masu ɗaki biyu ko uku waɗanda sai an fasa shingen tsakani ruwan ya gauraya kafin a yi amfani da su, kuma shigar da ruwan ɗaki ɗaya ba tare da gaurayawa ba haɗari ne.

Hannu da haɗawa

A nan ne ya kamata a fi nutsuwa. Yawancin ƙwayoyin cutar da suke kama tantanin ciki ba daga nesa suke zuwa ba. A fatar mutum da cikin hancinsa suke zaune, musamman dangin stafilokokas, ba sa cutar da shi a can, sai ranar da suka sami ƙofa zuwa wuri mai ɗumi da ruwa mai sukari.

A cire zobe da agogo, a kuma riƙa yanke farce. A wanke hannu da sabulun ruwa a ƙarƙashin ruwa mai gudu, a cuɗa tafi da baya, da tsakanin yatsu, da babban yatsa, da ƙarƙashin farce, har zuwa wuyan hannu, gwargwadon lokacin da aka koyar, wanda a wurare da yawa yakan kai minti ɗaya. Sannan a busar sarai da takardar goge hannu mai amfani sau ɗaya, a kuma kashe famfo da takardar, ba da yatsa ba. Mutane da yawa suna kula da wankin su yi sakaci da busarwar, alhali jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe saurin ɗaukar ƙwayoyin cuta ya sauke su a kan abin da ya taɓa.

A zauna, a fito da gajeren bututun daga cikin tufafi, a tabbatar makullinsa a rufe yake, a ɗaure riga yadda ba za ta faɗo a kansa ba. A warware bututan ledar. Za a ga suna da siffar reshe biyu da suka haɗu a baki ɗaya: reshe guda yana zuwa ledar da ke cike, ɗayan yana zuwa ledar da babu kome, wadda za ta karɓi tsohon ruwa. A matse reshen sabon ruwa da kilif. A shafa man tsaftace hannu, a jira ya bushe, kada a hura shi da baki, kada a goge a riga.

Yanzu a riƙe bakin mahaɗar leda a hannu ɗaya, gajeren bututun a ɗaya hannun, gwiwar hannu tana dafe da jiki ko da teburi domin kada hannu ya yi rawa. A cire murfin bakin leda, a murɗe murfin gajeren bututu a yar, a haɗa bakunan biyu nan take, a murɗa har su kama. Ido yana kan bakunan tun daga cire murfi har zuwa ƙarshen murɗawa. Ba a magana, ba a tari, ba a amsa waya, ba a waiwayen wanda ya yi sallama. Abin da yakan faru ƙarami ne ƙwarai: bakin robar ya gogi gefen ɗan yatsa, ko ya taɓa haɓar riga yayin da mutum ya ɗaga kai, babu zafi, babu alama, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ruwa ya fito da duhu.

A ganina, makonnin farko ba su ne mafi haɗari ba, domin a lokacin tsoro yana sa mutum kiyayewa. Haɗarin yana zuwa ne bayan watanni, lokacin da hannu ya saba, takunkumi ya fara sauka ƙasan hanci, wankin hannu ya koma tsoma yatsu a ruwa. Sabo turken wawa ne, kuma saboda haka cibiyoyin wanki da yawa suke sake duba hannun majiyyaci lokaci-lokaci, ko da ya shekara yana yi.

Fitarwa, ɗauraya, da cikawa

A rataye ledar da ke cike, a ajiye wadda babu kome a ƙasa a cikin wani mazubi mai tsabta, ƙasa da cikin mutum sosai, domin nauyin ruwa shi kaɗai ne injin wannan aiki. A buɗe makullin gajeren bututu, tsohon ruwa zai fara gangarowa. Yakan ɗauki minti 15 zuwa 20. Da farko yana gudu, bututun yana da ɗumi a hannu, daga baya ya ragu, bututun ya huce, ledar ta daina ƙaruwa. Wasu suna jin ɗan tsunguli a ƙasan mara a ƙarshen fitarwa, lokacin da bakin robar ya tsotsi bangon ciki. Idan ruwa ya ƙare, a rufe makullin.

Mataki na gaba gajere ne, kuma shi ne aka fi raina wa. Makullin majiyyaci yana rufe, a karya ɗan abin da ya toshe bakin sabuwar leda, a cire kilif, a bar sabon ruwa ya gangara kai tsaye zuwa ledar ƙasa, ana ƙirga ɗaya zuwa biyar a hankali, ko adadin da aka koyar, ana kallon kumfar iska tana wucewa. Sannan a matse reshen ledar ƙasa. Amfaninsa biyu ne: yana korar iskar da ke cikin bututu, wadda idan ta shiga ciki take haddasa ciwon kafaɗa, yana kuma share ƙwayoyin cutar da wataƙila suka maƙale a mahaɗa zuwa waje. Lokacin da Robert Popovich da Jack Moncrief suka gabatar da wannan tsarin wanki a Teksas a 1976, da kwalabe ake zuba ruwan, kuma ciwon tantani ya yi yawa. Dimitrios Oreopoulos ya kawo amfani da ledoji a Toronto ba da daɗewa ba, sannan a wajen 1980 Umberto Buoncristiani a Italiya ya fito da bututu mai reshe biyu, wanda ya ba da damar wannan ɗauraya, ciwon kuma ya ragu ƙwarai. Daƙiƙoƙi biyar ɗin da mai gaggawa yake tsallakewa suna cikin abubuwan da suka sa tsarin ya zama abin da za a iya rayuwa da shi shekaru.

Sai a buɗe makullin, sabon ruwa ya shiga, abin da yakan ɗauki kamar minti 10. Idan leda ta ƙare, a rufe makulli, a matse reshen sama. Wasu kayan ba su da kilif, faifai ne da ake juyawa daga matsayi zuwa matsayi, amma jerin ɗaya ne: fitarwa, ɗauraya, cikawa.

Rabawa tana bukatar irin nutsuwar haɗawa. A tabbatar takunkumi yana wurinsa, a buɗe takardar sabon murfi ba tare da taɓa cikinsa ba, a leƙa a ga soson da ke ciki yana jiƙe da aidin, idan ya bushe a ɗauki wani. A tsaftace hannu, a raba mahaɗar, bakin gajeren bututu yana kallon ƙasa, a rufe shi nan take. Murfi sau ɗaya ake amfani da shi. Dukan canjin yakan ɗauki minti 30 zuwa 40.

Kallon ruwan da ya fito

A ɗaga ledar ƙasa zuwa haske. Lafiyayyen ruwa garau yake, ruwan ɗorawa-ɗorawa kamar fitsari marar kauri. A shimfiɗa ledar a kan takarda mai rubutu: idan haruffa suna karantuwa ta cikinta, ruwan yana da kyau, idan sun dushe kamar ana kallonsu ta cikin hazo, akwai magana. Wani lokaci ana ganin wasu fararen zare-zare kamar auduga suna yawo, wato fibirin. Shi kaɗai ba ciwo ba ne, amma yana iya toshe roba, don haka a gaya wa nas, wadda za ta iya umartar a sa hefarin, maganin hana daskarewar jini, a leda. Ruwa mai ɗan ja-ja yakan fito wa mata a lokacin al'ada ko a tsakiyar lokacin da ke tsakanin al'ada biyu, ko bayan mutum ya yi aikin ƙarfi, kuma yakan washe bayan 'yan canji, amma a sanar, musamman idan jan ya yi yawa.

Sannan a auna. Ido ya san kima, amma a nan mudu ake bukata: giram ɗaya kusan mililita ɗaya ne, don haka idan an zuba 2,000 aka fitar da 2,300, an cire wa jiki 300 ke nan, idan kuwa 1,850 aka fitar, jiki ya riƙe 150. Kamfanoni sukan ɗan ƙara ruwa a leda saboda ɗauraya, kuma nas za ta nuna yadda ake cire wannan da nauyin ledar daga lissafi. A rubuta lokaci, ƙarfin leda, abin da ya shiga, abin da ya fita, da kamannin ruwa. A zubar da ruwan a masai a hankali ba tare da fantsama ba, a kora, a ƙulle ledojin a shara, a wanke hannu.

Idan bakin roba ya taɓa wani abu

A tsaya. Kada a goge a ci gaba, kada a ce ai ɗan taɓawa ne. Idan bakin ledar ne ya taɓa wani abu kafin haɗawa, a yar da ledar a ɗauki sabuwa. Idan bakin gajeren bututu ne, makulli kuma yana rufe, a sa sabon murfi, kada a buɗe makullin, a kira cibiyar wanki, domin za a iya bukatar canza bututun. Idan kuwa makulli yana buɗe, ko ruwa ya riga ya shiga, ko roba ta huje, ko mahaɗa ta kwance, a matse robar da kilif tsakanin wurin da jiki, a lulluɓe da bandeji mai tsabta, a kira nan take, domin a irin wannan hali akan ba da maganin rigakafi. Jinkirin canji na 'yan awanni ba ya kai ga abin da ciwon tantani yake jawowa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ruwa mai duhu

Ciwon tantanin ciki shi ne babban abin da yake raba mutane da wannan tsarin wanki. Alamominsa su ne ruwa mai duhu, ciwon ciki, zazzaɓi, tashin zuciya ko amai, kuma sau da yawa duhun ruwa yana riga ciwo zuwa. Wanda ya ga haka kada ya jira canji na gaba ya ga ko zai washe, kada ya jira gari ya waye, kada kuma ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya rage masa a gida, domin hakan yana ɓata gwaji. Ya riƙe ledar, kada ya zubar, ya kira cibiya, ya tafi da ita a ranar. A ɗakin gwaji ana ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ruwan, fiye da 100 a maikirolita ɗaya alama ce ta ciwo, sannan a raini ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan a gano irinsu. Yawanci a cikin ledar wanki ake sa maganin, tsawon mako biyu zuwa uku, kuma dole a kammala shi ko da ruwa ya washe a kwana na uku. Ciwon da aka yi wa jinkiri, ko wanda ya yawaita dawowa, yana iya sa a cire roba, yana kuma lalata tantanin. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce a matsakaici kada ciwon ya wuce sau 0.40 ga kowane majiyyaci a shekara, wato kusan sau ɗaya a shekara biyu da rabi. Akwai waɗanda suke shekaru ba su taɓa yi ba.

Mafitar roba

Inda roba ta fito daga fata ana tsaftace shi kullum, ko gwargwadon yadda aka tsara, da kuma duk lokacin da ya jiƙe. A fara daga jikin roba a zagaya zuwa waje, a busar, a shafa ɗan man mufirosin ko jentamaisin idan likita ya rubuta. Kada a ɓamɓare ɓawon ciwo da ƙarfi, kada a kusantar da almakashi ko reza, kada a shafa hoda ko man da ba a umarta ba. A manne robar da filasta ko a sa ta a ɗamarar da aka yi domin haka, saboda yawan fizga yana yaga bakin wurin. Wanka da ruwa mai zuba daga sama ya fi, zama cikin kwamin wanka da iyo a kogi ko tafki kuwa a guje su. Ja, kumburi, zafi, ko mugunya a wurin abin kai wa cibiyar wanki ne tun bai bi jikin roba ya shiga ciki ba.

Idan ruwa ya ƙi fita

A fara da abu mai sauƙi: kilif da aka manta, bututu da ya lanƙwashe, ko ledar ƙasa da ba ta yi ƙasa sosai ba. A juya gefe zuwa gefe, a miƙe tsaye, a ɗan taka. Idan duk wannan bai yi ba, mafi yawan lokuta taurin bayan gida ne, domin cikakken hanji yana danne robar ko ya ture bakinta daga ƙasan mara. Mai wannan wanki yana bukatar bayan gida mai laushi kullum, ko da da maganin da likita ya rubuta ne. Taurin bayan gida yana kuma iya sa ƙwayoyin cutar hanji su ratsa zuwa tantani. Kada a sake zuba leda cike a kan ruwan da bai fita ba sai an yi magana da nas.

Nauyi, gishiri, da magunguna

Kowace safiya a hau sikeli a lokaci ɗaya da tufafi masu nauyi ɗaya, a kuma auna bugun jini. Ƙarin nauyi cikin kwana biyu ko uku, da kumburin ƙafa, da hawan jini, da ƙarancin numfashi, suna nuna ruwa ya taru. Raguwar nauyi, da jiri idan an miƙe, da ɗaurewar tsoka, suna nuna an cire fiye da ƙima. Jarabar da ke nan ita ce mutum ya sha yadda yake so, ya dogara da leda mai ƙarfi ta cire masa. Tana cirewa kuwa, amma yawan sukari yana gajiyar da tantani da shekaru, yana ƙara ƙiba, yana kuma tayar da sukarin jini. Rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana ya fi sauƙi ga jiki, domin gishiri ne yake kawo ƙishirwa. Domin dogon zaman dare akwai ruwan aikodekstirin, wanda yake jan ruwa a hankali, sai dai mai ciwon sukari ya sani cewa yana sa wasu na'urorin gwajin sukari su nuna lamba sama da gaskiya, don haka sai an tabbatar masa na'urarsa ta dace.

Furotin yana fita tare da ruwan wanki, giram da dama a kowace rana, don haka ana bukatar abinci mai gina jiki fiye da kafin a fara wanki. Ruwan wanki ba shi da sinadarin fotashiyam, saboda haka na jinin wasu yakan yi ƙasa maimakon sama, gwajin jini ne yake faɗa. Maganin kama fosfet, wani sinadarin abinci da yake taruwa a jini idan ƙoda ta gaza, tare da abinci ake shan sa, idan ba haka ba bai yi aiki ba. Ɗan fitsarin da ya rage wa mutum yana da daraja ƙwarai, kuma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak suna ƙarasa shi. Ɗaukar kaya masu nauyi da ruwa a ciki yana iya jawo ƙaba. Kafin cire haƙori ko binciken hanji da na mahaifa, a sanar da cibiya, domin akan ba da maganin rigakafi, wani lokaci kuma a fitar da ruwan ciki tukuna.

Kayan wata ɗaya kusan lita 240 ne ga mai canji huɗu na lita 2, don haka suna bukatar busasshen wuri, nesa da rana da zafi, a kan katako ba a kan daɓe ba, kuma a riƙa fara amfani da tsofaffin kwalaye. A riƙa ƙirga abin da ya rage ana odar sabo tun da sauran na mako ɗaya ko fiye, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shirin tafiya ya lissafa ledojin kwanakin da zai yi ya ƙara na kwana biyu, ya ware murafu da kilif da takunkumi da man hannu a jakar da ba za ta rabu da shi ba, ya ɗauki littafinsa da takardar da ke nuna irin ruwan da yake amfani da shi, ya kuma tambayi cibiyarsa tun kafin ya tashi wane asibiti ne a inda za shi zai iya karɓar leda mai duhu da tsakar dare.